Wane zare ya dace da hulunan 'yan sa-kai?

Autar Mama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, shawara nake nema. Mu goma sha huɗu ne muke bin gida-gida muna tuna wa mutane su yi rajista su karɓi katin zaɓe. An ce a samar mana hula iri ɗaya don a riƙa gane mu tun daga nesa, da yake sun ga ina taɓa saƙa sai aka ɗora mini. Wata biyu gare ni. Wane zare zan saya, kuma kibiya lamba nawa? Ban taɓa yin hular babba ba sai ta jarirai.

Mai Kwarashi: Wa'alaikumus salam Auta. Ajiye kibiya ki ɗauki kwarashi. Kafin ki gama ɗaya na gama biyu.

Maman Biyu: Akirilik, wato zaren roba, mai matsakaicin kauri, wanda ake rubuta 4 a jikin takardarsa. Kibiya milimita 4.5 ko 5. Dunƙule ɗaya mai giram 100 yana fitar da hula har ya yi saura.

Anti Babba: Auta, tsaya ki ji abin da ya same ni kafin ki sayi komai, don har yau in na tuna raina yana ɓaci.

A wani zaɓe da ya wuce na ɗauki alkawarin hula talatin ga masu yi wa wani ɗan takara aiki, a launin jam'iyyarsa, kyauta, saboda na yarda da mutumin har zuciyata. Kuskurena na farko shi ne sayen zaren kaɗan-kaɗan, in ya ƙare in koma. A takardar kowane dunƙule akwai lambar launi, akwai kuma lambar tukunyar rinin da ya fito, ni kuwa ta launin kawai nake dubawa. A cikin ɗaki duk iri ɗaya suke. Ranar da na shimfiɗa su a rana sai ga kore kala uku, wani ya yi duhu, wani ya yi ɗanye shar. Na biyu, ban wanke ɗan gwaji ba. Wata baiwar Allah ta sa tata ruwan sama ya dake ta, ta dawo da goshi kore, farin mayafinta ya ɓaci.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi da hulunan. Na kai su ofishin kamfen da sunayen mutanenmu a maƙale da kowace hula, don na auna kan kowa. Bayan kwana biyu sai na ga ana raba su a taro ga waɗanda suka zo kallo, mai lasifika yana cewa kyauta ce daga mai girma ɗan takara. Yaran da suka sha rana suna ƙwanƙwasa ƙofofi ko ɗaya ba su samu ba. Kowace hula ta ci mini wajen awa shida, ki lissafa sau talatin. Har yatsana manuni ya yi kanta, wuyan hannuna kuwa sai da na yi sati ina ɗaure shi. Da na yi magana aka ce ai duk don tafiyar ake yi.

Daga ranar na yanke: abin da na saƙa wa 'yan sa-kai ni zan miƙa wa kowa a hannunsa, ba ya bi ta hannun kowane shugaba. Kuma ba na saƙa abin da za a raba wa masu zaɓe, domin da zarar kyauta ta shiga tsakaninki da mai ƙuri'a, maganar da kika je yi ta rasa daraja, ko da da kyakkyawar niyya kika yi. Ki sayi zarenki duka rana ɗaya, lambar rini ɗaya, ki ƙara dunƙule biyu a kan lissafinki. Ki saƙa ɗan guntu mai faɗin santimita 10, ki wanke shi tare da farin ƙyalle ki ga ko yana zuba.

Maman Biyu: Allah ya ba ki ladan, Anti. Wallahi ban taɓa lura da lambar rinin nan ba.

Yaya Sakatare: Ni ba na saƙa, amma ina da tambaya. Mu lissafa: hula goma sha huɗu sau awa shida, awa tamanin da huɗu ke nan. Gida nawa Auta za ta shiga a awa tamanin da huɗu? Akwai binciken da Alan Gerber da Donald Green na jami'ar Yale suka yi a birnin New Haven na Amurka lokacin zaɓen 1998. Sun gwada wasiƙa, sun gwada kiran waya, sun gwada zuwa ƙofa ido da ido, kuma zuwa ƙofar ne ya fi fito da mutane nesa ba kusa ba. Ina tsoron kada mu cire wadda ta iya magana da mutane daga kan layi mu zaunar da ita a ɗaki.

Mai Kwarashi: Yaya, wa ya ce maka a ɗaki ake saƙa? Jiran da muke yi kafin taro ya cika fa? Zaman mota fa?

Autar Mama: Gaskiya ne, wani lokacin sai mu yi awa guda muna jiran a kawo takardu.

Goggo: Ni da saƙata nake shiga gidaje. Matar da za ta tsaya da ke a bakin ƙofa in ta gan ki da takarda da biro, in ta ga zare a jakarki sai ta ce shigo mu gani. Shekaran jiya wata dattijuwa ta karɓi saƙar daga hannuna ta warware mini layi biyu, ta ce na ja zaren da yawa, ta gyara. Muna nan zaune ta faɗa mini cewa jikokinta uku sun isa zaɓe ba wanda ya yi rajista, kuma ba su san inda ake yi ba. Da tambayarta na yi kai tsaye ba za ta faɗa ba.

Malama: Abin ma ba sabo ba ne. A Ostareliya akwai tsofaffin mata da ake kira Knitting Nannas, tun 2012 suke zama da kujerunsu a ƙofar ofisoshin 'yan siyasa suna saƙa da zare rawaya da baƙi, don adawa da haƙar iskar gas a yankinsu. Hulunan nan masu ruwan hoda da mata suka sa a zanga-zangar Washington ranar 21 ga Janairu 2017 kuwa, sirrinsu sauƙi: saƙa ce mai kusurwa huɗu, a ninke ta biyu a ɗinke gefe da gefe. Shi ya sa har 'yan koyo suka iya. Auta, ki yi irin wannan, ba sai kin sha wahalar rage madauki a tsakar kai ba.

Mai Kwarashi: Wannan mai kunnuwa biyu? Maza ba za su sa ba.

Malama: A zura zare a bakin saman a tsuke, kunnuwan sun tafi.

Uwar Gida: Ku yi haƙuri, ni dai ban goyi bayan haɗa saƙa da siyasa ba sam. Muna da zaman saƙa na mako-mako, shekara huɗu lafiya lau, ranar da wata ta zo da zare launin jam'iyya aka fara jifan juna da magana. Yanzu mutum uku sun daina zuwa, ciki har da wadda ta koya mini.

Malama: Ya faru da manya ma. Shafin Ravelry, inda masu saƙa na duniya suke musayar zane, a 2019 ya hana nuna goyon bayan Trump, kuma mutane da yawa sun fice saboda haka.

Yaya Sakatare: Amma aikin su Auta ba na jam'iyya ba ne, rajista ce ta kowa da kowa.

Uwar Gida: To ta guji launin kowace jam'iyya. In ba haka ba rabin ƙofofin ba za a buɗe mata ba.

Anti Babba: Nan kam na bi bayanki, Uwar Gida.

Goggo: Kada a sa wa akirilik dutsen guga, narkewa yake. In kuma ulu na gaske kika samu, ban da ruwan zafi da cuɗawa, zai cure ya dawo hular yaro.

Mai Kwarashi: Auduga ta fi sanyi a ka ga mai yawo a rana.

Maman Biyu: Auduga in ta saki ba ta komawa. Sati biyu hular za ta rufe ido.

Mai Kwarashi: Da kibiya ke nan. Da kwarashi tana tsayawa cak.

Maman Biyu: Kuma ta fi cin zare, ki faɗa mata wannan ma.

Autar Mama: Na gode ƙwarai. Har yanzu dai ban ji madauki nawa zan fara da shi ba.

Maman Biyu: Ki auna kawunansu, yawanci na babba santimita 54 zuwa 58 ne, sai ki rage kamar 5 don ta kama kai. Ni a hannuna 88 nake ɗorawa a kibiyar zagaye, wato kibiya biyu da aka haɗa da igiya, mai tsawon santimita 40, gaba biyu baya biyu. Amma hannu ya bambanta, ki ƙirga a ɗan gwajin da Anti ta ce.

Goggo: Auta, cikin sha huɗun nan ba mai son koyo? Ki zo da kibiya biyu na ƙari ranar taronku na gaba. Ni zan ɗauki uku in kin turo mini launin.

Uwar Gida: Wane launi dai tukuna?