Waɗanda suka taɓa zuwa tseren Dutsen Kamaru, ku ba mu labari

Ɗan Marwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya ƙwallafa rai sai ya shiga tseren Dutsen Kamaru na watan Fabrairu, wanda ake yi a Buea, garin da ke gindin dutsen. Yaron yana da gudu, a gasar 'yan makaranta ba a cika wuce shi ba, amma bai taɓa hawa abin da ya fi duwatsun bayan Marwa ba. Mahaifiyarmu ta ce ba za ta sa albarka ba sai ta ji daga bakin wanda ya je ya dawo. Don Allah duk wanda ya taɓa yin gudun, ko ya raka wani, ko kallo ne kawai ya kai shi, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Dattijon Garwa:
Wa alaikumus salam. Ni ban yi gudun ba, amma na yi aikin gwamnati a Buea ina saurayi, kuma ranar tseren ba mai zama a gida. A 1973 aka fara shi. Kamfanin Guinness ne ya ɗauki nauyi, sunansa ma tseren yake ɗauka a lokacin, shi ya sa iyayenmu a nan arewa ba sa son jin zancensa, sai su ce ai gudun 'yan giya ne. Wanda ya fara cinyewa ɗan ƙasar wurin ne, John Ekema, daga ƙabilar Bakweri masu dutsen, kuma ya kusa awa shida kafin ya dawo. Daga baya Turawa suka riƙa zuwa suna ɗauke kofin. Na tuna wani ɗan Ingila, Mike Short, da ya ci a tsakiyar shekarun 1980, sannan Timothy Lekunze ya zo ya karɓe. Ranar da ɗan Kamaru ya sake shigowa gaba, wallahi titin Buea bai ɗauki mutane ba, mata suna guɗa irin tasu, 'yan kasuwa sun bar rumfuna a buɗe.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba, tseren ya taɓa tsayawa a farkon shekarun 1990, lokacin da ƙasa ta shiga matsin tattalin arziki da rigimar siyasa. Da aka farfaɗo da shi a tsakiyar shekarun aka sa masa sunan da yake amsawa yau, Tseren Fata. Kanar Hamad Kalkaba Malboum na cikin waɗanda suka tsaya a kan haka, kuma shi ɗan arewa ne, daga wajen Kusiri. Ina faɗa ne don masu cewa abin na 'yan kudu ne. Da hannun namu a cikin tashinsa.

Mai gudu daga Ngaundare:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka ba mu abin da ba mu sani ba. Ni na yi gudun, na kai ƙololuwa na dawo, don haka Yaya Ɗan Marwa saurara da kyau.

Mutane suna jin kilomita 38 sai su ce ai bai ma kai cikakken gudun fanfalaki na kilomita 42 ba. Wannan lissafin ba ya aiki a Buea. Daga filin wasa na Molyko ake tashi da sassafe, kuma tun a kan kwalta hanyar hawa take, ba ta daidaita ko sau ɗaya har ka fita gari. Da yawa a nan suke ƙone ƙarfinsu, saboda jama'a sun cika gefen titi suna ihu, jini yana ɗibar yaro ya ƙara wuta. Bayan Upper Farms, gonakin da ke saman garin, sai ka shiga daji mai duhu da laima, saiwoyi a ƙasa, santsi ko'ina, har bukka ta farko cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar hawan dutsen. Daga can itatuwa suke ƙarewa, sai ciyawa da baƙin dutse mai kaifi, wanda aman wutar dutsen ya bari. Tsakanin bukka ta farko da ta biyu ba gudu ake yi ba, rarrafe ne, da hannu da ƙafa. A nan na ga ƙarti suna zaune suna kuka.

Sama kuwa ya haura mita 4,000. Iskar ba ta cika ƙirji, kana ja kamar ba ka ja ba, kai yana sarawa, yatsu suna ƙagewa don sanyi. Mu da muke ganin mun san sanyin hunturu, wancan daban ne, don da iska mai ƙarfi yake zuwa kuma jikinka jiƙe yake da gumi. Ana yi maka alamar ka iso, ka juya.

Saukowa ita ce tseren. Duk wanda ya ci, a gangara ya ci. 'Yan Kumbo da Nkambe da sauran garuruwan tsaunukan Arewa maso Yamma sakin jiki suke yi a kan tsakuwa suna zamewa da gangan, mu kuwa muna taka burki da gwiwa. Cinyoyina sun yi kwanaki ba sa yarda in tsuguna, a zaune na riƙa sallah. Manyan maza suna gamawa a wajen awa huɗu da rabi. Irinmu rana tana karkatawa muke shiga fili.

Malamin motsa jiki, Garwa:
Gaskiya ka faɗa. Matsalar yaranmu ba rashin ƙarfi ba ce. Garwa ba ta wuce mita 250 a saman teku ba, Marwa ta ɗan ɗara, yaro yana zagaya filin Roumdé Adjia cikin zafi ya ɗauka ya shirya. Zafi yana koya juriya, amma ba ya koya wa jini aiki da ƙarancin iska. Duk yaron da na taɓa rakawa sai na fara tura shi Ngaundare ya zauna wajen 'yan'uwa, can aƙalla ya haura mita 1,000, ya riƙa hawa dutsen garin yana saukowa da gudu. Wanda yake Marwa yana da Mokolo da tsaunukan Mandara kusa da shi, in hanya da tsaro sun ba da dama. Kuma ku duba, a 'yan shekarun nan samarin Fulani makiyaya na Arewa maso Yamma sun ɗauki kofin maza. Ba wani sirri, tun suna yara suke bin shanu a kan tudu.

Shawarata ga ƙanenka, in shekarunsa ba su wuce ba ya fara da rukunin matasa, su ba sa kaiwa ƙololuwa. Ya je ofishin wasannin guje-guje na yanki da wuri ya ji sharuɗɗan bana, kada ya dogara da abin da aka yi bara.

Maman 'yan biyu:
Ni kallo ya kai ni, maigidana yana sana'ar tsire a Mutengene a lokacin. Abin da ya tsaya min a rai matan ne. Da farko maza zalla suke yi, sai a farkon shekarun 1980 aka buɗe wa mata. Na ga Sarah Etonge da idona, wadda suke kira Sarauniyar Dutse. Sau bakwai ta ci, kuma uwar 'ya'ya bakwai ce. Ba ta da wani jiki, 'yar siririya, amma in ta shigo gari daga saman nan sai ka ga tsofaffi suna bin ta a guje. Yanzu kyautar mace ta ɗaya daidai take da ta namiji, sefa miliyan 10 kowanne. Ina ce wa 'yan matan unguwarmu masu gudu a makaranta, ba sai kun je Buea ba, amma kada a ce muku ƙafarku ba ta da amfani.

Ga mahaifiyarku kuma, Malam, ka ce mata akwai jama'armu a can. Akwai masallatai, akwai mahauta da masu shayi 'yan arewa, yaro ba zai rasa abincin halal ko wurin kwana ba in an haɗa shi da mutum tun daga gida.

Ma'aikaciyar jinya, Gidar:
Ku yi haƙuri zan kawo ɓangaren da ba daɗi, don uwa ce ta yi tambaya kuma haƙƙinta ne ta ji duka. A 2023 abubuwa sun fashe a kan hanyar tseren jim kaɗan bayan an tashi, mutane sun ji rauni, har da 'yan gudu. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ne ya taɓa wasan. Ina Buea a ranar wajen wani horo, na ga yadda aka riƙa shigo da su. An ci gaba da tseren, kuma tun daga nan jami'an tsaro sun ƙaru sosai, amma abin ya faru. A 2024 kuma ɗan Kenya, Charles Kipsang, ya faɗi bayan ya ƙetare layin ƙarshe, rai ya yi halinsa. Gogaggen ɗan gudu ne, ba sabon shiga ba.

Saboda haka gwajin zuciya da na jini kafin tafiya ba takardar cike gurbi ba ce. A je asibiti a yi na gaske. Yaranmu da yawa suna yawo da ƙarancin jini bayan zazzaɓin damina ba su sani ba, wasu kuma suna da alamar sikila a jini. A ƙasa lafiya lau, a mita 4,000 labari yana iya canjawa. Kuma a hana shi ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake sayarwa a tasha, ko da abokai sun rantse masa suna aiki.

Mai gudu daga Ngaundare:
Anti, na gode da kika faɗa. Na ƙara da takalmi: wanda ya saba da shi, mai ƙasa mai kama dutse. Za ku ga 'yan can da takalmin roba suna tashi kamar awaki, kada ya kwaikwaye su, ƙafarsu ta saba tun ƙuruciya. Ya tafi da safar hannu da riga mai tare iska wadda zai ɗaura a ƙugu.

Alaramma na Kusiri:
Akwai abin da ba wanda ya ambata. Azumi ya matso cikin Fabrairu a waɗannan shekarun. Ku duba ranar tseren ku duba kalandar Musulunci tun yanzu. In sun haɗu, yaro ya zauna da malaminsa a yi magana kafin ya kashe kuɗin mota, kada sai ya isa can ya shiga ruɗu shi kaɗai. Hawan dutsen nan ba ruwa a baki kasada ce da rai.

Malamin motsa jiki, Garwa:
Allah ya saka, Alaramma. Abin da ke ci min rai kuma shi ne nisan. Yaro daga Marwa sai ya yi mota zuwa Garwa, ya hau gangaren nan zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya sake mota zuwa Duwala, sannan Buea. Ya isa ƙafa a kumbure. Buea ta fara ne da 'yan tsirarun mutane da kamfani ɗaya, yau ɗaruruwa ke tashi daga Molyko, da baƙi daga ƙasashen waje, talabijin na nunawa kai tsaye. Mu ma muna da dutsen Tinguelin a bakin Garwa, muna da dutsen Mindif, muna da 'yan kasuwar da za su iya sa kyauta. Da za a tsayar da rana ɗaya duk shekara cikin sanyin Disamba, a kuma riƙe ta ba fashi, da yaranmu sun sami inda za su gwada ƙafa kafin su fuskanci wancan.

Direban Ngaundare:
Duk mai tafiya ya sayi tikitin jirgi da wuri, na gado in da hali, don ya miƙe ƙafa. Ya isa Buea da sauran kwanaki, ya huta, ya taka hanyar zuwa bukka ta farko a hankali ya ga yanayinta. Ɗakunan haya suna tsada a makon. In akwai wasu masu niyya bana daga Marwa ko Garwa ku yi magana a nan, a haɗa su tafiya ɗaya, ni zan tarbe su a tasha in kai su jirgi.