Fitilun motata sun dushe, man goge baki bai yi ba, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan fitilun gaban motata. Ƙirar 2010 ce, kuma ba ni da rumfar ajiye ta, a rana take yini kullum. Tun bara na lura gilashin ya fara yin rawaya-rawaya, yanzu kuwa ya koma kamar idon da yana ta rufe, in ka shafa sai ka ji kaushi a hannu. Ban ɗauki abin da zafi ba sai daren Talatar da ta wuce. Ina dawowa da iyalina, yara na barci a baya, ashe wata babbar mota ta lalace a gefen titi ba alamar komai. Wallahi ban gan ta ba sai da na zo dab da ita. Birkin da na taka har ƙaramar 'yata ta zame daga kujera. Allah ne ya tsare, amma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Na sauya ƙwan fitila, ban ga bambanci ba. Na goge da man goge baki kamar yadda aka ce mini, ta washe, bayan mako uku ta koma gidan jiya. Sannan ta hagun, duk ranar da aka yi ruwa ko na wanke mota, ina ganin ɗigon ruwa a cikinta. Akwai gyaran da zai ɗore, ko sai na sayi sababbi?

Mai fentin mota:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa, Malam. Abin da muke kira gilashi a fitilun motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai ƙarfi da ake kira folikabonet, tun shekarun 1980 ta fara maye gurbin gilashi saboda ba ta da nauyi kuma dutse ba ya fasa ta da sauƙi. Babban rauninta: ba ta jure rana. Shi ya sa tun daga kamfani ake shafa mata wani siririn rufi mai kare ta daga hasken rana. Shekaru na tafiya rufin na ƙonewa, ƙurar hanya na kankare shi, sai ya yi rawaya ya fara ɓarewa. Kaushin nan da kake ji, shi ne mataccen rufin. Tunda hannunka na jin sa, dushewar a waje take, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin ta waje tana gyaruwa.

Man goge baki yana da ɗan gari mai kankara a ciki, shi ya ɗan share saman. Amma bai cire mataccen rufin duka ba, bai kuma sa sabo ba. Dole ta dawo.

Ga yadda nake yi. Ka wanke fitilar da sabulu ta bushe, ka zagaye ta da tef ninki biyu don kada samfefa ta ci fentin bodi. Ka nemi samfefar ruwa mai lamba 800, 1000, 1500, 2000 da 3000, ka jiƙa su kamar minti goma. In rawayar ta yi kauri sosai fara da 600. Kana gogawa kana fesa ruwa, kada ta taɓa bushewa. Da farko za ka ga ruwan da ke gangarowa rawaya ne kamar tsatsa. Kada ka bar lambar farko sai ruwan ya koma fari kamar alli, kuma fuskar fitilar ta zama iri ɗaya, babu wurin da ke sheƙi. A nan yawancin mutane ke gaggawa, alhali rabin aikin a nan yake. Kowace lamba ka sauya hannu: wannan a kwance, ta gaba a tsaye, don ka gane ko ta share zanen ta baya. Ban da zagaye-zagaye.

Wani ɗan'uwa:
Oga wannan ai doguwar hanya ce. Ni maganin sauro na shafawa na fesa a tsumma na goge tawa, minti biyu ta yi fes. Wasu ma man feshin nan na kwance noti mai tsatsa suke sawa.

Mai fentin mota:
Don Allah ɗan'uwa kada ka ƙara. Sinadarin DEET da ke cikin maganin sauron narkar da saman robar yake yi, shi ne sheƙin da ka gani. Bayan kwana biyu sai ta yi danƙo ta riƙa kama ƙura, in ya gangara kan bamba ya ɓata fenti. Man kwance noti kuwa cike ramukan kawai yake da maiƙo, wanki ɗaya ya tafi. Haka tina da asiton da fetur, duk kada su kusanci fitila, suna sa robar ta tsattsage.

Mai gyaran wayarin mota:
Malam mai tambaya, ni ta hagun ce ta fi damuna, kuma ita za ka fara kafin ka taɓa samfefa. Kowace fitila tana da 'yan ƙofofin shan iska a bayanta. Ɗan tururi da safe, wanda ke bajewa in ka kunna fitila na ɗan lokaci, ba matsala ba ne. Amma ɗigon ruwa da ke gangarowa yana nufin akwai inda ruwa ke shiga. Tunda ka ce ka sauya ƙwai, buɗe bonet ka duba murfin roban da ke bayansa. Sau da yawa ba a mayar da shi daidai, ko ya tsage. In lafiyarsa ƙalau, to danƙon da ya haɗa gilashin da gidan fitilar ne ya saki, ko akwai tsaga. Sai a cire fitilar, a busar da ita sarai, a sake liƙewa. Kada ka toshe ƙofofin iskar da sunan hana ruwa, abin ƙaruwa zai yi.

Tambaya ɗaya: ƙwan da ka sa mai ƙarfin nawa ne? Na halojin, wato ƙwan da aka saba sa wa motoci, irin su mai lamba H7 wat 55 ne, H4 kuma 60 da 55. Masu dusasshiyar fitila sukan sa mai wat 100 don su ga hanya. Zafinsa ƙona madubin ciki yake yi, ya narkar da soket, kuma hasken da ya bugi dusasshiyar roba warwatsewa yake ya kashe wa mai tahowa ido. Madubin ciki in ya ƙone, babu samfefar da za ta yi magani.

Mai tambaya:
Mai wat 55 na sa, Oga. Yanzu na duba, murfin bayan ta hagu a karkace yake, gefe ɗaya a buɗe. Na gode ƙwarai.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, tsoron da ka ji yana kan hanya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2018, ta gano dusasshiyar fitila kashi 22 cikin ɗari kacal take bayarwa na hasken sabuwa. Gogewa ta mayar da shi kusan kashi 70, sabuwar fitila ta asali ce kaɗai ta kai ɗari. Ka ga ba batun kwalliyar mota ba ne.

Ni na taɓa yin tawa da kaina. Na bi samfefa har 3000, na goge da man folish, ta fito tas har ina hango ƙananan rubutun da ke jikin ƙwan. Amma ban sa mata rufi ba, na ɗauka an gama. Ko wata huɗu ba a yi ba ta fi da rawaya, domin na kankare ɗan sauran kariyar da take da shi na bar ta tsirara a rana. Abin ya yi mini ciwo sosai. Don Allah kada ka fara gogewa sai rufin na hannunka.

Mai fentin mota:
Hajiya ta faɗi zuciyar maganar. Rufin iri-iri ne. Akwai na shafawa da ke zuwa cikin kwalin kayan gyaran fitila, irin na 3M ko Sylvania ko Cerakote, shi ya fi sauƙi ga mai yi a gida, sai dai a riƙa sabuntawa. Akwai leda mai haske da ake manna wa fitila. Wanda ya fi ɗorewa shi ne kiliya, wato fentin nan marar launi da muke fesa wa mota, mai haɗi biyu da ake kira 2K. In ita za a sa, ba a yin folish, kuma a tsaya a samfefa 800 ko 1000 don ta samu abin kamawa, ita da kanta za ta cike zanen. Amma tururinta guba ne ga huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, gara ka kai wa mai fenti. Kowanne ka zaɓa, goge fitilar da sifirit ta bushe ƙarau, ka yi aikin a inuwa inda ba ƙura, kuma kada ruwa ya taɓa ta har kwana guda. Folish ɗin bodi shi kaɗai ba rufi ba ne, makonni kaɗan yake yi.

Abu ɗaya zan gaya maka tsakani da Allah: in ka haska tocila ka ga ƙananan tsagogi kamar saƙar gizo-gizo can cikin naman robar, wannan ta wuce gyara, sai sabuwa.

Mai tambaya:
Oga ka taimaka, na fara ta dama da 800, yanzu ta yi fari fat, ko ƙwan ba na gani. Na ɓata ta ne?

Mai fentin mota:
Kwantar da hankalinka, Malam, haka ake so ta yi. Watsa mata ruwa ka gani, za ta washe na ɗan lokaci, to kusan haka za ta kasance in ka gama. Ci gaba, daga 2000 za ka fara ganin ciki.

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi, na gama duka biyun jiya, na shafa rufin kwalin, na bar motar a garejin maƙwabcina ta kwana. Da daddare na faka ta fuskantar bango na kunna: da haske ne a dagule, yanzu layinsa na sama a miƙe yake kamar an ja da rula. A nan ne ma na ga ta hagun ta ɗan kalli ƙasa fiye da ta dama, gobe zan kai a daidaita saitin. Ta hagun na busar, na zaunar da murfin da kyau, na wanke mota jiya kafin in fara goge ta ban ga ɗigo ba, amma zan jira ruwan sama in tabbatar. Allah ya saka muku da alheri. Oga mai fenti, rufin shafawar nan bayan wata nawa zan sake sa shi?