Alwashin talauci a D&D 3.5: ɗaukar takobin aboki ya karya alwashi ko bai karya ba?

Sandar_Tafiya ya rubuta:

Salam jama'a, dan Allah masu buga wasan tebur na Dungeons & Dragons bugu na 3.5 ku shigo ku raba mana gardama don abin ya kusa watsa mana tebur. Karakta na kilarik ne, wato malamin addini mai sihiri, ɗan adam, yanzu yana lebul 6, tun lebul 1 na ɗaukar masa Sacred Vow da Vow of Poverty na cikin Book of Exalted Deeds, wato dai alwashin talauci. Ba shi da komai sai riga da takalmi da sanda da jakar abincin yini ɗaya da alamar addininsa ta katako.

Toh a zaman da ya wuce mayaƙinmu ya faɗi a cikin kogo, jini ya kusa ƙarewa, ni na ja shi zuwa waje, takobinsa mai sihiri kuma yana yashe a ƙasa sai na ce karakta na ya ɗauka ya soka a ɗamarar mai shi mu fita, ban sari kowa da shi ba ban ma ɗaga shi ba. Kawai mai jan wasan namu, wato DM mai yanke hukunci a tebur, ya ce shikenan alwashi ya karye har abada tunda na taɓa kayan sihiri, duk kariyar da na tara ta tafi. Da gardama ta yi zafi sai ya ƙara da cewa ai ita ma alamar katakon ba ta cikin jerin abubuwan da littafin ya yarda da su, dama ido kawai ya kawar. Su kuma sauran ƴan wasan suna cewa tunda ba na riƙe dukiya a raba ganima uku maimakon huɗu. Wai haka dokar take ko an taru ne kawai a kaina?

Mai_Daisi20 ya rubuta:

Wa'alaikumus salam. Malam a batun takobi gaskiya mai jan wasanku ya zarce. Abu biyu dokar ta hana, mallaka da amfani. Ka mallaki takobin? A'a. Ka yi amfani da shi? A'a. Littafin ma da kansa ya bambanta, ya ce za ka iya shan maganin warkarwa na kwalba idan aboki ya ba ka, za a iya jefa maka sihiri daga sandar sihirin wani, za ka iya hawa abin hawan sihirin abokinka. Abin da ya ce kar ka yi shi ne ka ari alkyabbar kariya ka yafa ko da na zagaye ɗaya ne, ko kai da kanka ka karanta sihiri daga takarda ko sanda. Ka ga duk misalan maganar cin moriya suke yi, babu wanda ya ce taɓawa haramun ce. In taɓawa na karya alwashi toh ai ko mayaƙin ma bai kamata ka ja ba tunda sulkensa na jikinsa, kuma duk ƙofar gidan sarki da ka tura ka gama yawo.

Batun ganima kuwa abokanka ba su karanta ba ne, ko sun karanta sun yi shiru. Littafin ya faɗa ƙarara cewa kasancewar mai alwashi a ƙungiya ba ya ƙara wa sauran kaso. Kasonka na nan, ka karɓa ka bayar ga mabukata ko wajen ibadar da ke kula da su. Kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar mai jan wasanku, don ta yaya za ka kai zinare ga marayu ba ka ɗauka ba? Sai dai in da ido za ka tura buhun.

Alamar katako ce kawai inda yake da ɗan abin kamawa, don in aka bi baƙaƙen rubutun zalla ba a ambace ta ba. An ambaci makami mai sauƙi, tufafi, abincin yini ɗaya, jakar kayan haɗa sihiri. Shikenan.

Tsohuwar_DM ta rubuta:

Ni dai wannan maganar alamar tana ba ni dariya duk lokacin da ta taso, kuma tun 2003 da littafin ya fito take tasowa. Alamar katako zinare 1 ce a littafin ƴan wasa. Jakar kayan sihiri da aka yarda da ita zinare 5 ce. Babban baka mai kunama, wanda yake cikin makamai masu sauƙi don haka ya halatta a rubuce, zinare 50 ne. Wato in muka bi rubutu ido rufe, waliyyinka zai iya yawo da makamin zinare 50 amma guntun icen da yake kore matattu masu tafiya da shi ya fi ƙarfinsa, haba jama'a. Wannan mantuwar marubuta ce, kuma ban taɓa zama a teburin da aka hana kilarik alamar katako ba. Ta azurfa mai zinare 25 kam a'a, wannan ado ne.

Inda nake tsayawa in yi tunani shi ne littafin wizad, wato mai sihirin da ke koyon sihirinsa daga littafi. Shi wannan dukiya ce ta gaske, fankon littafin zinare 15, kowane shafi da aka rubuta zinare 100, zuwa lebul 10 yana yawo da abin da ya fi gidan wani tsada. Wasu na cewa a bar shi a matsayin aron makarantarsu, ni ban yarda ba, don aro ne dai dokar ta toshe. Wanda yake son mai sihiri matalauci ya ɗauki sosara, wanda sihirinsa a jininsa yake, shi ba ya buƙatar littafi.

Amma ɗana bari in faɗa maka abin da nake ganin yana ƙarƙashin rigimarku. Mai jan wasanku ya tsorata ne da lambobi. A ƙananan lebul alwashin nan yana da kyan gani a takarda, kariya +4 tun lebul 1, fit na kyauta, wato ƙarin baiwa ta musamman, a lebul 1 da 2 da duk lebul mai cika biyu-biyu, a lebul 3 zafi da sanyi ba sa damunka, a 4 dukanka ya zama +1, a 5 ka daina buƙatar ci da sha. Shi yana kallon wannan yana ganin kamar ka yi masa wayo, sai yake neman ƙofar da zai ƙwace. Alhali ya jira ya gani. Wasan 3.5 an gina shi ne a kan cewa karakta na lebul 10 yana da kayan kusan zinare 49,000, na lebul 20 kuma 760,000, kuma abin da kuɗin ke saya ba lambobi kaɗai ba ne, zaɓi ne. Alwashin ba ya ba ka tashi sama ko kaɗan. Ranar da dodon da ke shawagi ya zo yana feso wuta daga sama, kai kilarik ne kana da sihirinka za ka lallaɓa, duruwid, mai sihirin daji, ya rikiɗe tsuntsu abinsa, amma mai faɗa da hannu da ya ɗauki alwashin nan sai dai ya tsaya a ƙasa yana jifa da majajjawa. Shi ya sa nake cewa duruwid ne kaɗai yake cin ribar abin sosai, sauran hasara suke a hankali ba su sani ba.

Baƙin_Faladin ya rubuta:

Ku yi haƙuri ni zan ɗan tsaya wa mai jan wasan, ba a kan takobin ba, a can kam ya yi kuskure, amma na san irin abin da ke sa mutum ya zama haka. Na taɓa jan wasa da wani mai alwashin talauci wanda kasonsa duk yake "bayarwa" ga wajen ibadar da shi ne shugabanta, daga baya wajen ibadar ta sayi jirgi, jirgin kuma kullum shi yake kaiwa duk inda zai je. Wani kuma cewa ya yi zoben ba nasa ba ne na dokinsa ne, dokin ma ba nasa ba ne abokinsa ne kawai da suke tafiya tare. In ka sha irin wannan sau ɗaya toh duk wanda ya miƙa hannu wajen kayan sihiri sai gabanka ya faɗi.

Don haka tambayar da nake yi a teburina guda ɗaya ce, wa ya ci moriya? In karakta ya ɗauki abu don ya kai wa mai shi ko ya bayar, lafiya lau. In ɗaukar ta ƙara masa ko da +1 ne a wani jifan daisi, ko ta ba shi ikon cewa ga yadda za a yi da abin gobe, ya shiga mallaka ko da sunan wa aka rubuta. Akwai kayan sihirin da ɗaukarsu kawai ke ba da amfani, kamar dutsen sa'a, wannan ko a jakar wani ne kar ya rataya.

Kuma ku lura da wani abu, sauran alwasan littafin kamar na ƙin giya da na tsarki sun ce in an tilasta maka da sihiri ko ba da gangan ba ne za ka iya yin kaffara da sihirin atonement abinka ya dawo. Na talauci bai zo da wannan sassaucin ba, cewa ya yi ka karya ka rasa nan take kuma ba dawowa, ba a ma ba ka wani fit a madadinsa. Hukuncin da ya kai haka tsanani dole mai jan wasa ya yi gargaɗi kafin hannu ya taɓa, ya ce kai ka tabbata? in ka yi haka zan ɗauka ka karya. Ba wai ya yi shiru ya bari a gama sannan ya fito da wuƙa ba.

Sandar_Tafiya ya rubuta:

Na gode ƙwarai wlh, musamman maganar buhun marayu, ita zan fara kai masa. Gargaɗi kam bai yi ba ko kaɗan. Amma hajiya tunda kin taɓo kuɗi, ya zan yi da sihirin da ke cin kaya masu tsada? Lebul 9 na tafe, ta da matacce na buƙatar lu'ulu'un zinare 5,000, ni kuma ko kwabon tagulla ba ni da shi.

Tsohuwar_DM ta rubuta:

Littafin ya ba ka hanya biyu. Ko dai abokan tafiya su ba ka kayan a lokacin da za ka jefa sihirin, wanda dama su ne masu mutuwar su ya kamata su riƙe lu'ulu'unsu, ko ka biya da makin gogewarka, maki 1 a madadin kowane zinare 5. Wato ta da mutum ɗaya maki 1,000 kenan daga jikinka, ka ga sai ka zaɓi wanda ya cancanta, masu son raba ganima uku su sani tun yanzu.

In kuma mai jan wasan ya ƙi sauka, ku duba yadda Pathfinder, wani wasa da ya samo asali daga 3.5, ya yi nasa a littafin Ultimate Magic na 2011. Can an ƙirga kayan ne, shida kacal, tufafi, takalmi, kwano, jaka, bargo, da abu ɗaya da ka zaɓa wanda zai iya zama mai ɗan daraja, kuma an faɗi iyakar kayan wasu da za ka iya ɗauka, zinare 50. Kar dai ka ɗauko masa wannan iyakar a rigimar yanzu don takobin abokinka ya wuce ta nesa ba kusa ba. Salon kawai za ku ara, ku zauna kafin zama na gaba ku rubuta jerinku a bayan takardar karakta, alamar katako a ciki, ɗaukar kayan wanda ya faɗi a ciki, wa ke riƙe kasonka kafin a isa gari, sannan shi ma ya sa hannu.