Fuskar amarya tana yin ja a talabijin, a monitata kuwa lafiya lau

Sulley, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kyamara. Ina ɗaukar bidiyon aure da suna a nan Kumasi, ina tacewa da manhajar DaVinci Resolve, monita kuma ta hannu na saya. In na gama gyaran launi, a gabana komai ya zauna daram. Da an sa a talabijin ɗin gidan biki sai fuskar amarya ta yi ja kamar an shafa mata manja, ango kuma da yake baƙi ne, duk inda haske ya yi ƙasa sai fuskarsa ta nutse. Uwar amarya ta ce ba haka 'yarta take ba. Laifin kyamara ne, ko monita, ko talabijin ɗinsu? Ku taimaka, akwai wani aikin a hannuna.

Masta Awudu, Nima: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kyamara tukuna, monitarka nake zargi. Yawancinsu daga kamfani suke zuwa da haske mai yawa, farinsu kuma ya karkata zuwa shuɗi. Kai da kake kallo sai ka ga hoto ya yi haske, ka rage. Ka ga fata ta yi sanyi, ka ƙara mata ja. Monitar ta ɓoye maka abin da ka yi, talabijin ya tona.

Ma'aunin bidiyo na yau da kullum, wanda ba HDR mai tsananin haske ba, shi ne Rec.709: fari a D65, wato fari irin na hasken rana, kusan 6500K a saitin launin monita; haske nit 100 (nit shi ne awon hasken allo); gama, wato yadda hoto yake tashi daga duhu zuwa haske, 2.4 in ɗakin yana da duhu-duhu. Nit 100 zai yi maka duhu a ranar farko, ka daure, ido zai saba. Ka rufe taga da labule, kada kwan fitila ya haska fuskar allon. In bangon bayan monitar kore ne ko shuɗi irin fentin shagunanmu, ka rataya ƙyalle mai ruwan toka, domin launin bango yana canza yadda ido yake ganin launin hoto.

Hajara, Madina: Masta ya faɗi gaskiya, amma Yaya Sulley, kafin ka kashe ko sidi ɗaya duba wannan. Bidiyo yana ajiye baƙi a 16, fari a 235, kwamfuta kuwa daga 0 zuwa 255 take aiki. In abin da ke fita daga kwamfuta ta wayar HDMI bai dace da abin da monita take jira ba, baƙi zai zama toka-toka a idonka, ka yi ta danne shi, a wajen mutane kuma fuskar ango ta tafi. Ɗora sandunan launi na SMPTE, wato hoton gwajin allo, daga cikin Resolve. A ƙasa wajen dama akwai siraran sanduna uku masu duhu. Biyu su ɓace cikin baƙi, ta ukun a gan ta da ƙyar. In duka ukun sun fito fili, ga ɓarawonka nan.

Baba Issah, Asawase: Ni dai ina ganin kuna wahalar da yaro. Talabijin ɗin gidajenmu yawanci a saitin hoto na Vivid ko Dynamic suke tun daga kanti, ba mai taɓawa. Ko wane ne ya gyara launin, ja zai yi. Ɗauki rimot ka mayar musu Movie, magana ta ƙare.

Masta Awudu: Baba, da girmanka, gida nawa zai bi da rimot? Faifan nan har Tamale da Jamus za a tura shi. Gara nasa allon ya tsaya a kan ma'auni, in na wani ya kauce, kaucewar ba za ta yi nisa ba.

Sulley, ido ba ya saita monita, sai na'urar awon launi, irin Calibrite ko Spyder, wadda ake ratayawa a fuskar allo. Manhajar DisplayCAL kyauta ce, tana haɗuwa da Resolve, ta auna, ta fitar maka da LUT, wato fayil ɗin da ke gyara launin allo. Kunna monitar ta yi minti 30 kafin awo, ka goge ƙura, balle yanzu da hunturu. Wannan LUT ɗin na kallo ne kawai, a gurbin monita ake sa shi. In ka ɗora shi a kan aikin kansa, ka aika wa mutane ciwon monitarka. In kuɗi sun samu, ƙaramin akwatin Blackmagic UltraStudio ko katin DeckLink yana fitar da hoto kai tsaye, ba tare da Windows ta sa hannu a launin ba.

Hajara: Kuma ka riƙa buɗe bektoskof, wato ma'aunin launi da ke cikin Resolve. Akwai layin fata a ciki. Baƙi ne mutum ko fari, fatarsa kusa da layin take faɗawa, haske ne ya bambanta. Ware goshin amarya kaɗai ka duba, ban da jan baki da lalle.

Sulley: Allah ya saka da alheri. 'Yar'uwa Hajara, na ɗora sandunan, duka ukun suna nan ɓaro-ɓaro. Na canza saitin HDMI, biyu sun ɓace. Saura na'urar awon, wa ke da ita a Kumasi in yi haya?

Baba Issah: Yaron da ya koyi aiki a wajena yana da ita a Adum. Same ni a shago bayan la'asar, ka zo da monitar da wayoyinta.