Don Allah ku ba ni shawara: 'yata ta ce ita bushiya ce

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Ina da yarinya 'yar shekara biyar. Tun tana ƙarama shiru-shiru ce, in baƙo ya shigo sai ta ɓuya a bayana. Ni ma haka na taso, a aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, har na gama makaranta akwai malaman da ba su san muryata ba. Wannan hali ya cuce ni a wurare da dama, har wurin aiki, ina ji ina gani a ba wani abin da ni na wahala a kai. Shi ya sa na ƙudurta a raina ba za ta taso haka ba. Ƙanwar babanta da ta san damuwata sai ta kawo mata wani littafin yara mai hotuna. Labarin wata 'yar bushiya ce da sauran dabbobi suka dame ta da ta kwantar da ƙayoyinta in tana so su yi wasa da ita. Ta yi ta ƙoƙari ta kasa, ƙarshe ta shiga daji ta ga kowace halitta da irin tata surar. Hotunan suna da kyau wallahi. Akwai shafin da babu rubutu ko ɗaya, sai dogayen bishiyoyi da farin wata, ita kuma 'yar mitsitsiya a ƙasa. In mun zo nan sai ta ɗora yatsa ta hana ni juyawa.

To yanzu abin ya wuce inda nake zato. Ba ta yarda a taje mata kai, wai ƙayoyinta ne. Takalmi sai an yi kokawa. Ta samu gwangwani tana tara ƙwari da tsutsotsi, ranar nan a ƙarƙashin matashin kanta na same shi. Jiya baƙi suka zo aka ce ta gaishe su, ta dunƙule a ƙasa ta ce bushiya ba ta gaisuwa. Babanta ya ce in ɗauke littafin in ɓoye. Malamarsu ma ta yi min magana. Ni kuma ban taɓa jin muryarta da ƙarfi kamar yanzu ba. In ɓoye ko in bari?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar mijinki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasa daban, ƙin gaida manya daban. Littafin da zai koya wa yaro cewa shi kaɗai ke da gaskiya, kowa kuma takura masa yake yi, ni ban ga amfaninsa ba. Jikokina ma haka iyayensu suka bar su, in na yi magana a ce ni tsohuwar zamani ce.

Malamar Yara:
Hajiya, da girmanki, amma ban yarda ba. Shekaruna da yawa ina koyar da 'yan wannan shekarun. Daga uku zuwa biyar lokacin wasan kwaikwayo ne, yau yaro zaki ne, gobe direba, jibi likita. Haka ƙwaƙwalwarsa take gwada yadda ake zama wani. Maman Biyu, in kin ɓoye littafin ba ki cire bushiyar daga kanta ba, kin dai nuna mata cewa abin da take so abin kunya ne.

Kuma wannan fargabar ta manya ba yau ta fara ba. A 1963 da Maurice Sendak ya fitar da littafinsa a Amurka, na yaron da ya yi rashin ji aka kora shi ɗaki ya tafi ƙasar dodanni ya zama sarkinsu, manya da yawa sun ce zai firgita yara. A 1964 aka ba shi lambar Caldecott, wadda ake ba littafin yara mafi kyawun zane a ƙasar, kuma har yau ana karanta shi. Abin lura shi ne a ƙarshe yaron ya gaji da dodannin ya koma gida da kansa. Shi ne tambayata gare ki Maman Biyu: bushiyar nan taki, ta dawo gida ko a daji littafin ya ƙare? Sannan me malamarsu ta ce takamaimai?

Maman Biyu:
A daji ya ƙare Malama, amma tana cikin farin ciki. Ni ban ga laifi a nan ba. Dole ne kowane labari sai an dawo an ba da haƙuri? Sauran littattafan ma kusan duk haka suke.

Malamar Yara:
Wasu sauran kuma? Ai ɗaya kika ambata.

Maman Biyu:
Da na ga tana so sai na ƙaro mata wasu irinsa, na kyarkeci da na mujiya da na wata bishiya da ta fito a karkace. Ai gara littafi da waya.

Baban Yara Maza:
Nan kam kin yi gaskiya 'yar'uwa. Ni nawa ko da kuɗi ba za su buɗe littafi ba. Babban ya san sunan kowace mota a wasan waya, amma ranar nan ya ga kwaɗo a bakin famfo ya ruga da gudu yana ihu. Uwarsu ce ta saba musu, in tana aiki sai ta miƙa musu wayar, in na karɓe a ce na cika faɗa. Ki gode wa Allah taki tana taɓa ƙasa.

Mai Son Dabbobi:
Anti, bari in sa baki ta ɓangaren da na karanta. Littafin bai faɗi gaskiyar bushiya ba. Ƙayoyinta gashi ne da ya yi tauri, sinadarinsu ɗaya da na farce, kuma in hankalinta a kwance yake su ma a kwance suke. Sai ta ji tsoro take miƙar da su, ta ja wata tsoka da ta zagaye jikinta ta dunƙule, ta ɓoye fuska da ciki. Wato bushiyar da ta dunƙule tsoro take ji. Ki sake duba abin da 'yarki ta yi a gaban baƙi. Da can bayanki take ɓuya, yanzu ta samu sabuwar maɓoya mai suna. Ni a ganina kunyar nan tana nan inda take.

Shawarata ki haɗa mata da littafi mai hotunan dabbobi na gaske. An yi bincike a Jami'ar Toronto a 2014, aka ga yaran da aka karanta wa littattafan da dabbobi ke tunani da magana irin na mutane sun fi jingina wa dabbobin gaske halayen mutane. Tunda tana tara tsutsotsi, ki nuna mata yadda tsutsar da ke cin ganye take naɗe kanta ta fito malam-buɗe-littafi. Gwangwanin dai a huda murfinsa, a sa ganyen da aka same ta a kai, a bar shi a waje, ta kuma wanke hannu. Wasu tsutsotsin masu gashi suna sa ƙaiƙayi.

Maman Biyu:
Na gode ƙanina, amma ba tsoro ba ne. Ni na haife ta, na san fuskarta in tana tsoro. Dariya take yi a dunƙulen.

Malamar Yara:
Yaro ɗan shekara biyar ya san bushiya ba ta magana, kada mu raina musu hankali. Tun kafin littafi ana yi wa yara tatsuniyar dabbobi masu magana, babu wanda ya girma yana jiran kura ta yi masa sallama. Matsalar ba a littafin take ba, a yadda ake karanta shi take. Yawancin iyaye daga bangon farko zuwa na ƙarshe suke zubawa su rufe. Akwai hanyar da wani masanin halayyar yara, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka gwada tun 1988, inda babba yake tsayawa yana tambaya yaron yana ba da labarin. Irin waɗannan littattafan galibi shafi 32 ne, rubutun kaɗan, rabin labarin a cikin zane yake, an bar wurin ne don a yi hira. Wannan shafin da take ɗora yatsa, a nan za ki tsaya. Ki tambaye ta, me bushiya take ji a nan? Wa take kewa? In ta haɗu da kakarta a daji me za ta ce mata? Za ki ji abin da ba ki zata ba.

Sannan ki sa iyaka a fili. Bushiya tana da lokacinta da wurinta, a tsakar gida ta yi ta birgima. In baƙi sun zo, yarinya ce mai suna, za ta gaishe su ko da murya ƙasa-ƙasa. Kai kuma za a taje, ki bar ta ta zaɓi lokacin da matajin. Ki gwada sati biyu ki dawo ki faɗa min.

Ummu Ɗan Auta:
Hmm, ni wannan zancen ya taɓo min ciwo. Ɗana ya tara duwatsu da fuka-fukan tsuntsaye a kwali, kowanne ya san inda ya tsinto shi. Na fita unguwa na dawo na tarar uwar mijina ta zubar, wai shara ce. Yaron bai yi kuka ba, amma tun ranar bai ƙara tsintar komai ba. Kada ki ɓoye mata a ɓoye, abin da zan ce ke nan.

Hajiya Kaka:
To ai ga shi nan, kullum mu ne masu laifi. Maman Biyu, sunanki ya ce biyu, ɗayan fa? Babba ne ko ƙarami?

Maman Biyu:
Jariri ne Hajiya, bai daɗe da fara zama ba. Amma don Allah kada a ce kishi ne, tana son ƙaninta sosai, ita ke rera masa waƙa. Kuma maganar iyaka da Malama ta yi, ai ina sawa. Ni tsorona kada in matsa mata ta koma shirun da na san ƙarshensa. Ku ba ku san yadda yake ba.

Malamar Yara:
Babu wanda ya ce ba ta son shi. Amma yarinyar da aka yi wa ƙani, ta zaɓi dabbar da ba a iya ɗauka a ajiye gefe, ai abin a duba ne. Har yanzu kuma ba ki faɗa mana abin da malamarsu ta ce ba.

Baban Yara Maza:
Ni dai a turo min sunan na kyarkecin, ko nawa za su duba.

Maman Biyu:
Zan turo in na samu sarari. Babanta ya dawo yanzu, tambayar farko da ya yi min ita ce ko na ɗauke. Na ce masa ina shawara tukuna. Akwai wanda ya taɓa ɓoye wa yaro littafi ya ga abin ya yi kyau? Shi nake so in ji.