Neman kalma: me za mu kira harsunan cikin wasan Dungeons & Dragons?

1. Jama'a, ina fassara wa ƙannena dokokin Dungeons & Dragons, wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ana zama ne a kewaye da tebur, mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ari bakin jaruminsa, ana jefa ɗan ludo. Na zo kan shafin harsuna sai na cije. Turawa suna cewa "conlang", wato harshen da wani ya zauna ya tsara da kansa. Mu fa?

2. Harsunan da aka fi ɗauka ba su da yawa. Kowa na jin Common, wannan "harshen gama-gari" ya wadatar. Sai Elvish da Dwarvish, harsunan wasu jinsunan halittu na cikin wasan da ake kira elf da dwarf, sai Draconic, harshen dodannin dragon, wanda masu sihiri ke so. Tun da muna cewa Larabci da Turanci, na sa wa Elvish Elfanci. Wani ya ce Aljananci, ban yarda ba, domin aljani yana da ma'anarsa a wurinmu, kuma ba ita ce wannan ba.

3. Wanda ya fi faranta mini rai shi ne Thieves' Cant. 'Yan wasa suna hira kamar ta yau da kullum, alhali saƙo ne a lulluɓe. Ai zaurance ke nan! "Zaurancen ɓarayi", ban ƙara ko harafi ba.

4. Babbar kalmar, wato "conlang", ce ta hana ni barci. Da farko na rubuta "ƙagaggen harshe", bisa "ƙagaggen labari". Sai wani malamina na Hausa ya tambaye ni: "To Esperanto fa, yarona? Shi ma ƙage ne?" Gaskiyarsa. Zamenhof ya fitar da shi a 1887 don mutane su yi magana da shi, kuma har yau ana yi.

5. Nan na gane abu biyu ne nake neman cusawa a buhu ɗaya. Quenya da Sindarin na marubuci Tolkien, da Klingon na shirin Star Trek wanda Marc Okrand ya wallafa ƙamusunsa a 1985, suna da nahawu da kalmomi, ana iya gina jimla da su. Yawancin harsunan wasan kuwa suna ne kawai a takardar jarumi, sai baƙaƙe da 'yan kalmomi. A bugun dokokin wasan na 2014 ma, harsunan Orc da Giant da Goblin duk baƙaƙen Dwarvish suke ara. Mai jan labari cewa kawai yake yi, "Rubutun jikin ƙofar nan Elfanci ne, wa ke ji?" Idan ana son a ji sautinsa, sau da yawa Sindarin ake arowa.

6. Don haka ga abin da na tsayar: "ƙirƙirarren harshe" ga wanda aka gina masa nahawu, "ƙagaggen harshe" ga wanda a cikin labari kaɗai yake raye. Quenya ya ci sunayen biyu. Malam ya ce ya amince, amma har yanzu yana ganin "Elfanci" ya yi masa nauyi a baki. Draconic da Dwarvish ne suka rage, ku kawo naku.