Zauren ƴan kwamfuta na Damagaram: yadda za a rage talla da bin sawu a Windows 11

Malam Lawali: Salamu alaikum jama'a. Na sayi kwamfuta ta hannu a kasuwar Dole, Windows 11 ce, da Faransanci take. Ina son na kashe tallace-tallacen nan da ke fitowa a Démarrer da allon kulle, kuma na ji an ce tana aika bayanai waje. Ina zan fara?

Ibro: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai kada ka sauke wata manhaja. Shiga Paramètres, sai Confidentialité et sécurité, sai Général. Akwai wata lamba da ake ba kowane mai amfani, identifiant de publicité, da ita manhajoji ke gane ka su zaɓo maka talla. Kashe ta, ka kashe sauran maɓallan da ke ƙasanta. Talla ba za ta ɓace ba fa, za ta daina bin ɗabi'unka ne.

Hajiya Rabi: Ta allon kullen nan ni ma ta dame ni a biro. Personnalisation, Écran de verrouillage, ka cire Windows à la une ka sa hoto naka. Ni hoton ƙofar gidan Sarki na sa, shi ke nan. A Démarrer ma akwai maɓallin recommandations.

Malam Lawali: Na gode Hajiya. To forfe fa? Da wayata nake haɗa ta, na jaka biyu bai kwana uku ba.

Ibro: Wannan kam ba talla ba ce ke cinye shi, Malam, mizajur ne, wato sabuntawar da Windows ke saukewa da kanta. Je Réseau et Internet, Wi-Fi, ka danna sunan wayarka, ka kunna Connexion limitée. Sai ta ɗauka cewa da awo kake sha, ta jinkirta manyan saukarwa. Sannan a Windows Update, Options avancées, Optimisation de la distribution, ka hana ta raba mizajur da wasu kwamfutoci. Amma sau ɗaya a wata ka nemi inda rezo yake da ƙarfi ka bar ta ta yi, na tsaro ne.

Musa Zango: Ku bar wahala, manhajar O&O ShutUp10++ kyauta ce, ta wani kamfanin Jamus, duk maɓallan a shafi ɗaya.

Ibro: Tana aiki, amma a yi point de restauration tukuna, wato ajiyar da za a iya mayar da kwamfuta yadda take in an samu matsala, kuma a tsaya ga waɗanda ta nuna da kore. Wani ƙanena ya danna duka a dare ɗaya, da safe kyamara da makirfo suka ƙi, ga shi yana da darasi ta intanet. Mun kai azahar muna mayar da su ɗaya-ɗaya.

Hajiya Rabi: Ibro, gaya masa gaskiyar diagnostic ɗin, wato bayanan da kwamfuta ke aika wa Microsoft.

Ibro: Haka ne Hajiya. A Diagnostics et commentaires ka kashe données facultatives. Na dole kuwa, a nau'in Windows na Famille da Pro ba su kasuwa gaba ɗaya, sai a Entreprise ko Éducation.

Musa Zango: Shi ya sa tsohuwar kwamfutata na sa mata Linux Mint a madadin Windows, tunda Windows 10 an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma ba ta da TPM 2.0, ɗan kayan tsaron da Windows 11 ke buƙata.

Malam Lawali: Linux sai hutu, yanzu jarrabawar yara nake bugawa da Word. Ibro, Connexion limitée ɗin ban gan ta ba.

Ibro: Turo mini hoton allon, Malam.